Ciwon Alkasum da Ba a Faɗa

Su biyu suka cicciɓo Alkasum daga cikin adaidaita, yayansa Inusa ta hammata, direban ta ƙafafu. Matarsa Raudatu na biye, ta baza mayafinta a bayansa don kada mutanen da ke zaune a barandar asibitin su ga wandon. Ya jiƙe da jini, har gefe-gefen ya bushe ya yi baƙi.

Suna kwantar da shi, Inusa ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe shi da ita daga ƙirji zuwa ƙafa. Majo, wani dattijon ma'aikacin jinya mai kama da wanda ya gaji da duniya da mutanenta, ya dafa goshin Alkasum.

"Me ke damunsa?"

"Palu ne," in ji Inusa da sauri. "Zazzaɓin sauro kawai."

Majo ya gyaɗa kai, ya ce a ɗebi jinin yatsa a gwada. Da damina kowa palu yake kawowa, me zai sa ya ɗaga rigar mutum?

Raudatu ta raɓe jikin bango, zuciyarta na tafasa. Ita ta san komai. Alkasum ɗan kabu-kabu ne, mai haya da babur a bakin Kasuwar Dole, daga safe har magariba yana kan sirdin moto. Ba ya shan ruwa, wai don kada fitsari ya tashe shi wani ya ɗauke masa fasinja. In bayan gida ya matsa shi, sai ya danne har ya dawo. Abincinsa burodi da shayi, sai tsire in an samu. In ta yi masa kwaɗon zogale, ya ture kwanon ya ce shi ba akuya ba ne. Da asuba tana jin nishinsa a bayi, yana yunƙuri kamar mai naƙuda. Daga baya ya koma zama a karkace, ita kuma ta fara ganin ɗigon jini a wandunansa. Ta wanke, ta shanya, ta yi shiru. Mace ba ta tambayar mijinta wannan wurin.

Yayansa kaɗai Alkasum ya iya faɗa wa. Inusa kuwa ya ɗauke shi zuwa wurin wani wanzami a Hamdara, wanda aka ce hannunsa na da sa'a a kan basir mai tsiro. Aka danne Alkasum a zaure, aka yanke 'yan ƙullutun da aska, aka cusa baƙin gari a wurin. Tun daga ranar jinin bai tsaya ba.

Yanzu ga shi kwance, leɓensa fari fat, idanunsa na juyewa. Ta dubi Inusa, ya kawar da kai. Tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa ɗaga murya a gabansa ba, ko ido ba ta haɗawa da shi. Tsoro ya kama ta. Amma tsoron ganin an naɗe mutumin nan a likkafani ya fi shi.

"Majo," ta ce. "Ba palu ba ne."

"Ke!" Inusa ya daka mata tsawa. "Wa ya sa bakinki?"

"Basir ne, aka kai shi aka yanke masa. Ku duba duburarsa, jini yake zubarwa."

Wata tsohuwa mai jinyar jikanta ta ce, "Subhanallahi." Wani a gadon gefe ya ɗago kai don ya ga fuskar mai ciwon. Majo ya fizge babbar rigar, wari ya bugi kowa, ya ƙwala wa likita kira.

Sai bayan la'asar likitar ta fito daga ɗakin aiki. Matashiya ce, idonta jawur da ɓacin rai. Inusa ta nufa, amma Raudatu ce ke sauraro.

"Malam, abin da kuka yanke jijiyoyin jini ne da suka kumbura saboda taurin bayan gida da yawan yunƙuri. Da ruwa ya riƙa sha, ya ci ganye, ya zauna cikin ruwan ɗumi, mu ba shi man shafawa, da wataƙila sun lafa da kansu. Wanda ya ƙi lafawa ma, nan ake cire shi da tsabta. Yanzu wurin ya ruɓe. Mun tsayar da jinin, mun ƙara masa wani. Da kun kai gobe, gawa za ku ɗauka."

"Zai koma kan moto?" in ji Raudatu.

"Ba nan kusa ba, madam."

Inusa ya karɓi rigarsa, ya naɗe ta ta yadda jinin ba zai fito ba. Bai kalli Raudatu ba da ya ce, "Mutumin gadon gefen nan ɗan unguwarmu ne. Kafin isha'i duk Garin Malam sun ji. Kin kyauta." Ya fita.

Ta sami Alkasum a ɗakin maza, kwance a kan gefensa, robar ƙarin ruwa a hannu. Ya farka. Ta durƙusa kusa da kansa, daɗi ya cika ta har hawaye suka zubo.

"Sannu, Baban Aliya. Allah ya taƙaita."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya buɗe baki.

"A gaban Yaya. A gaban mutane. Da bakinki." Ya lumshe ido. "Da kin bar ni na tafi da mutuncina."

Ya juya fuska bango. Maganar ta soke ta, ta ji zafinta har cikin ƙashi, amma ko da ta laluba zuciyarta ba ta sami nadama ba.

Wata ma'aikaciyar jinya ta shigo da tiren allurai, canjin aiki aka yi, ba ta san kowa ba. Ta tsaya a ƙafar gadon.

"Wannan fa, me ya kawo shi?"

Raudatu ta ga kafaɗar mijinta ta ƙame. Ta share hawayenta da bakin mayafi, ta miƙe tsaye.

"Basir," ta ce.