Ƙwai Tara a Bakin Bututu

"Kwana uku, Injiniya. Kwana uku kacal na roƙa."

"Baba, wata shida nake jiran kayan nan. Yau za a ɗaura su."

"Wanda ya jira wata shida, kwana uku ne za su kashe shi?"

"Tashar rediyo ce nan, ba akurki ba."

Baba maigadi ya kau da kai. Suna tsaye a bayan ɗakin injin watsa shiri, inda wani bututu ke huro iska mai zafi. A bakin bututun akwai kwando, cikinsa tsumma da ƙwai tara. Muzuru ya kashe uwarsu, kazar Baba, tana tsakiyar kwanci. Tun ranar injin ya karɓi renon.

Injiniya ta sassauta murya.

"Tsofaffin amfilifayoyin nan takwas, akwatunan da ke ƙara wa murya ƙarfi, in sun sha wuta mudu goma, biyar ne kawai ke hawa eriya. Sauran zafi ne. Asara. Sababbin kuwa, mudu takwas za su hau."

"Asarar taki ita ce uwarsu."

"Zan ɗaura maka fitila a kwali."

"Fitila ba ta numfashi, 'yata. Wannan, in mawaƙi ya ɗaga murya, iskar takan ƙara ɗumi. Sun saba. Duk labaran duniya sun ji su tun daga ciki."

"To su fito a ba su aiki a ɗakin labarai."

Bai yi dariya ba.

Da rana ta take, aka kashe injin. Gurnanin shekara ashirin ya ɗauke, har kunne ya rasa abin riƙewa. Injiniya ta riƙa zaro akwatunan ɗaya-ɗaya kamar durowa, duk ƙura, har yanzu da zafinsu.

Baba ya jera ƙwayayen a cikin rigarsa, jikin fatar ciki, ya zauna a benci ya naɗe hannu. Gyangyaɗi ya ɗauke shi. Ya ga muryoyi suna tashi daga kan eriya garke-garke, suna ƙetare gonaki da duwatsu. Waɗanda suka kasa tashi suna gangarowa ta bututu, suna kwanciya a kan cikinsa. Ba su da nauyi.

Da la'asar sabon injin ya tashi. Ba gurnani. Allurar mita ta hau kilowat goma ta tsaya cak. Waya ta fara ƙara: wani ƙauye a bayan dutse, inda tashar ba ta taɓa kaiwa ba, sun ce murya tangaram.

Injiniya ta fito tana murmushi. Ta kai tafin hannu bakin bututun. Iskar kamar numfashin jariri mai barci. Murmushin ya tafi.

Ta koma ciki, ta dawo da kwali da fitila a kunne, tana jan wayar wuta.

"Kawo su, Baba."

Ya daɗe kafin ya buɗe rigar. Ya miƙa mata guda. Ta kara shi a kunne, ba ta ji komai ba. Ta ɗaga shi saitin fitilar. Ciki duhu, sai ɗan fili mai haske a kai. Inuwar ta ɗan karkata.

"Baba, motsi yake yi, ko hannuna ne ke rawa?"