Da Bakinsa Alƙali Yake Son Ji

Ni na tuƙa ƙanena Anselmo zuwa kotun tarayya da ke San Antonio ranar da zai amsa laifi. Matarsa ta ce ba za ta iya haɗa ido da 'yan jarida ba, shi kuma ko maɓallin riga ya kasa sawa, balle tuƙi.

Anselmo likitan ƙashi da gaɓoɓi ne. Ni na riƙe shi bayan rasuwar iyayenmu, ina wanki da guga a otal yana makaranta. Sai da ya kama aiki na shiga ajin manya na yi nawa karatun. Cikin marasa lafiyarsa akwai Fidencio Lerma, mawaƙin da ba a gama biki a kudancin Texas ba a sa waƙarsa ba. Nauyin akodiyon, abin kiɗan da yake ratayawa a ƙirji, ya cinye masa kafaɗa. Anselmo ya fara rubuta masa maganin kashe zafi mai ƙarfi, yana ƙarawa, yana ƙarawa, har wata safiya aka tarar da Fidencio a motar mawaƙa ba rai, kwalbar magani a gefensa da sunan ƙanena a jiki.

Lauyarsa, Misis Dunlap, ta daidaita da masu gabatar da ƙara: ya amsa cewa ya ba da maganin ba bisa ƙa'ida ba, ya ajiye lasisinsa, ya yi 'yan shekaru a gidan yari. In daidaitawar ta rushe, sai cikakkiyar shari'a, wadda in ya faɗi, a gidan yari zai tsufa. Sai dai alƙali ba ya karɓar "na amsa" kawai. Dole mutum ya miƙe ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, kuma in aka ji yana wanke kansa, a mayar masa da amsarsa.

A mota ya yi ta gwaji.

"Yaya Ofelia, saurara. Na rubuta wa Mista Lerma magani fiye da kima, amma mutumin yana cikin azaba..."

"Ka ce amma."

"To ƙarya na yi? Ke ba ki ga kafaɗar ba."

"Ni dai matar nan ta ce ban da amma."

"Yau kuma ke ce lauya? Ke da kika koyi karatu da furfura?"

"Da furfurar nake kai ka kotu. Sake."

Ya ɗan murmusa, ya sake. Wannan karon ya ce Fidencio ne ya roƙe shi. Na gaba ya ce da bai ba shi ba, da a titi zai saya. Na daina gyara masa, na bar shi yana ta zuba har muka isa. Na lura duk wanda ya faɗa, sai ya waigo ya dube ni, kamar ni ce zan sallame shi.

Kotun cike take. A layin gaba Graciela, matar Fidencio, tana zaune da baƙar riga, ba ta waiwayo ba. Alƙali Pruett tsoho ne mai magana a hankali. Ya tambayi Anselmo ko ya sha wani abu da zai gusar masa da hankali, ko an tilasta shi, ko ya san haƙƙin da yake sarayarwa. Sannan ya cire tabarau.

"Likita, gaya mini abin da ka yi."

"Ranka ya daɗe, Mista Lerma yana fama da ciwo mai tsanani, kuma a ganina a lokacin..."

"Dakata. In kana ganin aikin likita ka yi, ba zan karɓi amsarka ba. Ba na ɗaure mutumin da ke ce mini bai yi laifi ba. Sai mu sa ranar shari'a."

Misis Dunlap ta kama hannun rigarsa tana raɗa masa 'yan kalmomin da suka shirya. Bai dube ta ba.

"Ranar ƙarshe da na gan shi," ya ce, "ba a asibiti ba ne. A bayan dandamali ne, da yamma, kafin wasa. Ban auna shi ba. Ko jakar aikina ban ɗauka ba. Muna hira sai barci ya kwashe shi a tsakiyar magana, da kofin gahawa a hannu. Na tare kofin kada ya ɓata masa riga. Na ga ƙwayar idonsa ta tsuke, na ji yadda yake jan numfashi. Ko ɗalibin likitanci ya san ma'anar wannan. Da ya farka ya ce maganinsa ya ƙare, sai na rubuta masa wani, wanda ya fi na baya ƙarfi."

"Likita, ya isa," in ji Misis Dunlap ƙasa-ƙasa.

"Me ya sa?" alƙali ya tambaya.

"Ya ce in na ƙi, akwai wani likita a garin Laredo. Ba tsoron ya mutu a hannun wancan na ji ba, ranka ya daɗe. Tsoro na ji a daina kirana. Yakan tsayar da kiɗa ya nuna ni, ya ce wa jama'a ga likitana, a yi ta tafi. Abin da ban so in rasa ke nan."

Na taɓa zama kusa da shi a irin wannan wasa. Na fi kowa tafi.

Graciela ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna motsi. Alƙali ya mayar da tabarau, ya ce ya karɓa, za a sanar da ranar yanke hukunci.

A baranda Misis Dunlap ta tare shi, ranta a ɓace. "Wa ya tambaye ka zancen kofi? Shi ne zai yanke maka shekaru, ka ba shi dalilin ya ɗora maka mafi yawan shekarun da aka daidaita."

"Na sani," ya ce.

Muka bi ta ƙofar baya zuwa inda na ajiye mota. Matar da ke tsaron wurin, wata dattijuwa mai jan ƙafa, ta ƙura masa ido, sai fuskarta ta washe.

"Likita Anselmo! Ba ka gane ni ba? Kai ka yi mini aikin gwiwa. Ka ga ta sake kumbura tun makon jiya, don Allah ɗan duba mini."

Ta tattare wandonta. Na ga ya fara durƙusawa, hannunsa ya miƙa. Sai ya tsaya, ya miƙe a hankali, ya zura hannun a aljihu.

"Baba, ki je asibiti yau, kada ki bari sai gobe," ya ce. "Ni ba ni da ikon taɓa ki."

Ta dube shi, ta dube ni. Na buɗe masa ƙofar mota ya shiga.