Shawarar Bijimin Alhaji Muntaka

Alhaji Muntaka mahauci ne, kuma duk Garwa ta Kamaru ba wanda ya kai shi yarda cewa kowane ma'aikaci yana da farashi. Kullum cika bakinsa shi ne ba a taɓa ƙwace masa nama a mayanka ba, kuma ba wai don shanunsa sun fi na kowa lafiya ba. Shi dai ya iya gaisuwa.

A bana ya sa wa ransa shugabancin mahauta, kujerar da wani mahauci mai suna Sharif ma yake nema. Sai ya sayo wani jibgegen bijimi daga garin Rey Bouba, wanda ya sha ciyawar damina har tozonsa ya kwanta, ya yi shelar cewa ranar Juma'a duk mahaucin da zai jefa ƙuri'a ya zo gidansa ya ci. Ran Alhamis da safe aka kayar da bijimin. Da aka feɗe, sai ga kitse rawaya kamar an shafa masa kurkum.

Madam Jocelyne, sabuwar likitar dabbobi mai duba nama, ta zo ta tsaya a kansa. 'Yar kudu ce, amma ta dage da koyon Hausa a wajen matan unguwarsu don ta riƙa yi wa dattawa magana da harshensu. Ta duba hanta, ta leƙa gaɓoɓi, ta ja tsaki kaɗan. Rawayar kitse iri biyu ce: akwai ta ciyawa, wadda ba ta da illa kuma takan dushe idan nama ya kwana a sanyi, akwai kuma ta ciwon hanta, wadda sai dai ta ƙara rinewa. A mayankar nan kowa da Faransanci yake kiran ciwon, zhonis. Amma ranar sai likita ta ga ya dace ta girmama Alhaji da Hausa.

"Alhaji, ina jin akwai shawara," in ji ta. "Mu bari sai gobe."

Ta sa aka rataye naman a ɗakin sanyi ba hatimi, ta ce kada kowa ya taɓa, ta wuce.

Alhaji ya yi murmushin ƙwararru. Shekara da shekaru yana jin ma'aikata suna cewa a zo a yi shawara, kuma ya san abin da ake ci a wajen irin wannan shawarar. Har ya yaba mata a ransa, yarinya ƙarama ta waye da wuri. Bai tuna ko sau ɗaya cewa sunan cutar ke nan da harshen uwarsa ba.

Bayan la'asar ya lallaɓa mai gadi, ya shiga ɗakin sanyi, ya yanke tozon ɗungurungum, ya haɗa da hanta. Ya naɗe a takardar siminti, ya ɗaura a babur, sai ƙofar gidan likita. Ta fito ta same shi yana washe baki.

"Likita, ga shawarar na kawo. Me zai sa mu jira gobe?"

Ta buɗe ƙunshin, ta dubi tozon, ta dube shi. Ta tambaye shi daga wane nama ya yanko. Ya faɗa mata da alfahari, har da ƙarin cewa hantar ta yara ce. Ba ta yi faɗa ba, wannan ne ma ya fi ba shi tsoro daga baya. Cewa kawai ta yi ya ɗauki kayansa, su haɗu da safe.

Da safe mahauta suka cika ƙofar ɗakin sanyi, Sharif a sahun gaba. Aka fito da naman. Rawayar ta dushe sosai, kitse ya koma ruwan madara. Likita ta ce a gaban kowa bijimin lafiyarsa ƙalau, ciyawa ce kawai, kuma da an bar shi yadda ta ce, da yanzu ta buga masa hatimi. Amma naman da aka tsare, aka shiga aka yanka a ɓoye, aka fita da hantarsa yawo a babur cikin rana, ba za ta sa masa hannu ba. Sannan ta juya ga Sharif ta tambaya, tsakani da Allah, ko ta yi kuskure ne, ba shawara ake kiran zhonis da Hausa ba?

Sharif ya tabbatar mata Hausarta daidai take. Da ƙyar ya ƙarasa maganar don dariya.

Aka zuba wa bijimin magani mai wari, aka binne shi a bayan mayanka, Alhaji yana tsaye yana kallo, takaici kamar ya kashe shi. Da azahar mahauta suka ci shinkafa da wake a gidansa, suka yi godiya, suka je suka zaɓi Sharif.

Har yau yana nan a rumfarsa ta kasuwa. Abin da ya fi damunsa shi ne mutane sun ƙara ganin girmansa ƙwarai: ba mahaucin da zai wuce bai rusuna ba, ya ce cikin ladabi, "Alhaji, na zo neman shawara."