Rigar Ranar Gangami

Kai ka ƙona mini ɗa, Ciyaman. Wuta aikinta ta yi, ba ni da shari'a da ita. Kai ne ka riƙe rigar, ka zura masa hannu a gaban jama'a ana tafi.

Kada ka ce ba ka gane ni ba. Ni ce uwar Auta na ofishin kashe gobara, wadda kake kira Inna lokacin da kuke shiga wuta tare, kafin ƙungiyar ma'aikata ta ɗora ka a kujera wuyanka ya yi kauri.

Da gwamnati ta ce asusu ya bushe, kai ka kira yajin aiki. Tiyon motarku duk faci, albashi sai an ga dama. Auta ne ya tsaya a ƙofar ofis yana hana shiga, don kai ka ce. Ko a lokacin yana da tsohuwar rigar aikinsa, baƙa, mai ƙaurin hayaƙi. In na wanke ta, sai ni da matarsa mun kama mu biyu kafin ta matsu.

"Mummuna ce, Inna," yakan ce, "amma bayan ke, ita ce uwata."

* * *

Zaɓe na matsowa ka shigo gidana kana washe baki.

"Inna, an sasanta. Gwamna ya ji kukanmu, har sababbin kaya sun iso."

"Albashin fa?"

"Bayan zaɓe."

"Ina jin wannan bayan zaɓen tun ba ka san wando ba."

Ka yi dariya, ka shanye mini shayi, ka tafi.

Ranar gangami aka jera su Auta a fili cikin riguna rawaya, suna ɗaukar ido. Tsofaffin rigunan kuwa ka sa aka tattara aka loda a mota, wai kada su ɓata hoto. Da Auta ya dawo sanye da sabuwar rigar, matarsa ta tare shi a tsakar gida.

"Ango, ina ka baro amaryar?"

Na kai hannu na taɓa rigar. Ba ta fi ledar cefane nauyi ba.

"Ta zamani ce, Inna. Ciyaman ya ce an daina yin masu nauyi."

Na saki rigar. Ban yi boko ba, kai kuma ka sha wuta tare da shi. Wa zai gaskata, ni ko kai?

* * *

Ana jibi zaɓe wuta ta kama shagon masu katifa, da yara biyu a ɗakin baya. Auta ya shiga ya fito da su. Waɗanda suka gani sun ce rigar tana ɗiga daga jikinsa kamar kyandir.

A asibiti na tsaya a kansa likita yana tsince ta daga bayansa da ɗan ƙarfe, ƙwaya ƙwaya. Can ya ɗago ya dube ni.

"Inna, wa ya tura shi wuta da rigar ruwan sama?"

Gwamnanku ya ci zaɓe. Bai gama karɓar gaisuwa ba ya ce babu kuɗi, dole a rage ma'aikata, a fara da waɗanda ba sa iya aiki. Auta aka fara cirewa. Yanzu ma'aikatan asibitin ma sun shiga nasu yajin, an rufe ƙofa. Ni ke wanke masa ciwo a ɗaki, matarsa tana danne masa ƙafafu. Yatsunsa sun manne, kofi ma sai an riƙe masa. Wajen kafaɗa ya fara wari, kuma na san me wari yake nufi.

Abin da ya fi ci mini rai, har yau yana kare ka.

"Ki bar shi, Inna. Wataƙila shi ma bai sani ba."

In ya ji tsayuwar mota a waje sai ya juyo da ido ƙofa. Ba ka taɓa zuwa ba.

* * *

Ga ni a bencin ofishinku, ƙarƙashin hotonka da gwamna kuna musafaha, ɗana a bayanku cikin rawaya yana murmushi. Sakatarenka ya ce kana ganawa. Jiya ma haka ya ce.

Na zo da abin da likita ya tsince, a ƙulle cikin ɗankwalina. Bai cika tafin hannu ba, kuma ba duka ne riga ba.

Ka fito, Ciyaman. Ka buɗe hannun nan da ya san nauyin rigar wuta, in zuba maka. Sannan ka dubi idona ka ce ba ka sani ba. In ba kai ba ne, ka faɗi wanda ya sayo, ka shige gaba ka kai ni ƙofarsa. Ɗayanku zai ɗauki ɗana ya kai shi inda za a duba kafaɗar nan yau, kuma ɗayanku zai amsa.