Bishiyar Kuramochi Ta Warke

A garinmu idan an ba ka kyauta sai ka mayar da 'yar ƙarama, magana ta ƙare. Mutanen Holand ba su san haka ba. Tun da suka fara sayen ganyen shayinmu muka shiga uku. Suka aiko da cuku, muka mayar da kofuna. Suka ɗauka sabuwar kyauta ce, sai ga agogon bango. Muka aika tabarma, sai ga keke da ƙarin cuku. Ofishinmu na ciniki ya koma yana warin tsohuwar safa.

Magajin gari ya kira shugabanmu, tsoho Kuramochi.

"Dattijo, a ba su abin da ba za su iya ramawa ba, mu huta. Kai ka san abin da nake nufi."

Kowa ma ya sani. Kuramochi yana da bonsai, 'yar bishiyar tukunya da ake datsewa don kada ta girma. Mahaifinsa ya fara renonta, shi ya gada, har lokacin ba ta kai gwiwa ba. Da hannunsa ya naɗe ta, yana ta yi mata sallama kamar ɗiya. Ni dai raina ya ɓaci.

Dabarar ta ci. Kyauta ta tsaya cak, ciniki ya bunƙasa, magajin gari ya kwashe yabon.

Bayan shekaru, ana gab da ritayar Kuramochi, wakiliyar mutanen Holand, Madam Hoekstra, ta kawo ziyara. Ko zama ba ta yi ba ta zaro waya.

"Malam Kuramochi, albishirinka! Bishiyarka ta warke!"

"Da ma ciwo take yi, ranki ya daɗe?"

"Haba! An takure baiwar Allah a tukunya, ina za ta girma? Mun dasa ta a fili, muka ɗura mata taki. Duba, har ta fi ni tsayi!"

Na leƙa hoton. Ƙatuwar bishiya ce buzu-buzu, wani ya jingina kekensa a jikinta.

Kuramochi ya daɗe yana kallo, sannan ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa tebur.

"Kun yi ƙoƙari. Mun gode."

Sai ta miƙa masa kwali. Tukunyar ce, an wanke ta tas. Magajin gari ya raɗa mini, "Wayyo, yanzu me za mu mayar musu?"

Kuramochi bai ji shi ba. Yana shafa cikin tukunyar da yatsa, ko ƙwayar ƙasar mahaifinsa ba su bari ba.