Babin da Inna Talatu Ba Ta Ji Ba

Makarar ta riga ta fito daga lungu lokacin da adaidaita sahu ya sauke Miriam a bakin titi. Maza cike da hanya, an idar da sallar azahar ke nan, ana karɓa-karɓar ɗauka ana sauri zuwa inda wata a-kori-kura take jira. Ta ja gefe ta raɓe jikin shagon mai cajin waya, ta gyara ɗankwalinta. A ranta ta ce, Allah sarki, ko wa aka rasa yau a Gyaɗi-Gyaɗi.

Sai ta hango Lawan, ɗan maƙwabciyarta, a gaban makarar, kansa ko hula babu.

"Lawan! Lafiya? Wane ne?"

Bai tsaya ba, kai kawai ya juyo. "Inna ce, Malama."

"Wace Innar?"

Tambayar ba ta da kan gado, don Inna ɗaya Lawan yake da ita, Inna Talatu mai kwaɗon zogale, wadda Miriam ta bari da ƙarfe tara na safiyar nan zaune a tsakar gida tana tsinkar ganye tana yi mata tsiya. Ba ta san ta bi bayan mazan ba sai da wani dattijo ya tare ta da hannu.

"Baiwar Allah, mata ba sa bi. Shiga gida wajen 'yan'uwanki."

Ta tsaya nan ƙiƙam har motar ta sha kwana ta nufi maƙabartar Tarauni. Shekararta bakwai a Kano, ta san Musulmi ba sa ajiye gawa, ta je gaisuwa ba adadi. Amma a gidansu can Zonkwa mamaci yakan yi kwanaki kafin a kai shi, har zuciya ta gaji ta yarda. Nan kuwa awa huɗu kacal ta yi a coci wajen taron zumuntar mata, waya a kashe cikin jaka, kafin ta dawo an yi wanka, an yi sutura, an yi salla, an tafi.

A cikin jakar nan, kusa da wayar, akwai takardu goma sha ɗaya a ninke. Babin ƙarshe ne na littafinta na farko, wanda ta yi wa Inna alkawarin karanta mata.

Miriam malamar Hausa ce a wata makarantar kuɗi a Tarauni. Abin da ya daɗe yana ci mata rai shi ne manyan ɗalibanta: a ba su littafi su hau hamma, a ba su waya su manta da abinci. Ta ƙudura sai ta rubuta musu abin da za su karanta ba don jarrabawa ba. Shekara guda tana rubutawa tana yagewa. Sai wata rana bayan magariba aka ɗauke wuta, ta leƙa gidan Lawan aron ashana, ta tarar Inna tana yi wa jikoki tatsuniyar Marka.

Tatsuniyar ba ta da tsawo. Marka da ƙanwarta sun je kududdufi wankin ƙorai da damina. Ƙwaryar uwarsu ta suɓuce ta bi ruwa, Marka ta bi ta, ƙanwar ta ruga gida da kuka. Mutanen ruwa suka ga yarinya ta iya kitso, suka riƙe ta. "Tana can har yau," in ji Inna, "tana yi musu kitso, suna ba ta tuwo da nama, ba ta jin sanyi." Jikoki suka ce, "Inna, ba ta dawo ba?" Ta ce, "Ku tashi ku kwanta."

Miriam ta karanta tatsuniyoyi a kwaleji har sun ishe ta, amma wannan ba ta taɓa jin ta a bakin kowa ba. Ta roƙi Inna ta ba ta. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Yo Maryamu, gona ce da za ki ce in ba ki? Ɗauki. Amma duk abin da kika rubuta sai kin karanta mini kafin ki kai wa mutane. Ba na so ki yi wa yarinyar nan ƙarya."

"Na yi alkawari, Inna."

Haka aka yi wata takwas. Miriam ta mayar da Marka 'yar makaranta mai shekara goma sha biyar, ta gina wa mutanen ruwa gari da kasuwa har da 'yan sintiri. Duk babin da ta gama, bayan magariba sai ta ɗauki kujera 'yar tsugunno ta shiga maƙwabta. Inna ba ta san ko bihim a boko ba, amma ba a taɓa yin mai gyara mai tsanani irinta ba. "A'a, Marka ba ta zagi. Cire." "Da hagu take riƙe kibiyar kitso, gyara." Miriam takan yi dariya ta gyara, tana mamakin tsohuwar da ta san har hannun da 'yar tatsuniya take aiki da shi.

A ƙarshen labarin matsala ta taso. Nafisa, wadda za ta buga littafin, ta kira ta a waya.

"Haba Anti Miriam, yaran yanzu ba za su yafe miki ba in kika bar yarinyar nan a ruwa. Shafi ɗari da ashirin suna bin ta, sannan ki ce tana can tana kitso? Don Allah ki fito da ita."

Miriam ta fito da ita. Cikin kwana biyu ta rubuta babin, ta kuma san ya fi duk sauran kyau. Abin da ya gagare ta shi ne kai shi gaban Inna. Matar da ta tayar da jijiyar wuya a kan hannun hagu, me za ta ce in ta ji an sauya ƙarshen ɗungurungum? In ta ce cire, littafi ya rushe, ga shi Nafisa ta ce ranar Litinin za a kai maɗaba'a. Sati uku Miriam tana zille wa magariba, yau duba jarrabawa, gobe ciwon kai.

Da safiyar Asabar ɗin nan ta yi dabararta, irin dabarar da mutum yake yi wa kansa. Kowa a lungun ya san Inna ba ta yin tatsuniya da rana, ba ta kuma saurara. Ko jikoki suka fara a gabanta sai ta ɗaga musu muciya. Miriam ta san haka sarai, ta ɗauki takardunta ta shiga wajen Inna, ga rana ta fito tarwai.

"Inna, na kawo na ƙarshen. In karanta?"

"Yanzu? Ke Maryamu, da girmanki? Mai tatsuniya da rana ɓata yake yi. Mayar da abinki."

"Inna, ai wannan littafi ne."

"Ko a jikin bango kika rubuta ta, tatsuniya ce. Sati uku ina zuba ido kin ɓuya, sai yau da rana ƙiri-ƙiri? Ki zo bayan magariba. Zan ajiye miki kwaɗo."

Miriam ta fito ranta wasai. Ta kawo, an ƙi ji, ai ba laifinta ba ne. Har ta shirya in ta dawo daga coci ta sauya kaya ta wuce Unguwa Uku gidan ƙawarta, kada ta waiwayo lungun sai an rufe ƙofofi.

Yanzu ga ta tana tsallake takalman mata a ƙofar gidan, kunya da tsoro sun cika mata ciki. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, an cika maƙil, wasu na jan carbi wasu na sharar hawaye da bakin mayafi. A'isha, matar Lawan, tana ganinta ta taso ta riƙe ta.

"Anti Miriam, sau shida na kira wayarki. Ta gama tsinka, ta ce kanta ya yi nauyi, bari ta ɗan kishingiɗa. Na dafa ganyen, na je in tambaye ta ƙuli nawa zan daka. Anti, na taɓa ta na ji shiru. Wallahi ko tari ba ta yi ba."

Miriam ta yi wa matan gaisuwa. Aka matsa mata wuri a bakin ƙofar ɗakin Inna, kusa da wata mata mai kimanin shekara hamsin, doguwa, mai irin goshin Inna. Hafsat ce, yayar Lawan, wadda take aure a Darmanawa. Sun taɓa gaisawa da Salla, ba su wuce nan ba.

"Yaya Hafsat, ya haƙuri? Allah ya jiƙanta."

"Amin, da godiya." Hafsat ta ƙura mata ido. "Ke ce Maryamun? Mai littafin Yaya Marka?"

"Yaya Marka?"

"Ba ta faɗa miki ba ke nan." Hafsat ta girgiza kai, ta rage murya. "Halin Inna. Marka yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana goma sha biyu ina shida, muna ƙauye can wajen Sumaila. Ni ce na ruga gida."

Miriam ta dafa ƙasa da hannu.

"Kwana uku ana nema, ko ɗankwalinta ba a gani ba. Ranar da abin ya faru, ruwa ya tsare mu a ɗaki tun asuba, muka dami Inna, ta yi mana tatsuniya da hantsi don mu yi shiru. Ruwa na ɗaukewa ta aike mu wankin ƙorai. Malamai sun gaya mata camfi ne, ajali ne ya zo. Ta ce ta ji, amma ba ta sake yi da rana ba. Ni kuma kullum ina kuka ina cewa Yaya tana jin sanyi. Shi ne ta shirya mini wannan, ta tuwo da nama."

Sai a nan hawaye suka zo wa Miriam, masu zafi, babu sauti. Wata takwas uwa tana gyara mata 'yarta, tana cewa ba ta zagi, bahaguwa ce, ita kuwa tana dariya tana yaba wa tsohuwa da iya ƙirƙira. Ta ji tsoron takardun da ke jakarta kamar kayan sata.

"Yaya Hafsat, na yi mata laifi. Na sauya ƙarshen. Sati uku ina ɓoye mata. Yau ma da gangan na zo da safe, na san ba za ta ji ba."

"Kin sauya yaya?"

"Na dawo da ita gida."

A can gefe wata tsohuwa tana ba da labarin yadda Inna ta rama mata gaisuwa jiya da yamma, ana ta salati.

"Wa ya dawo da ita?" in ji Hafsat.

Miriam ta ce, "Ƙanwar."

"Ƙanwar da ta gudu?"

"Ta kai labari gida, sannan ta komo bakin kududdufin."

"Ta shiga ruwan?"

"Ta shiga."

Hafsat ta kawar da fuska ta kalli bango. Ta daɗe a haka, har Miriam ta fara tunanin ta tashi ta ba ta wuri. Da ta juyo idanunta sun kaɗa, amma muryarta ba ta rawa.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, Maryamu, ban san me Inna za ta ce ba. Wataƙila ta ce ki cire. Wataƙila ta ce ki maimaita mata. Wannan kam ya wuce mu, ni da ke." Ta goge hanci da gefen hijabi. "Babin yana wajenki?"

Miriam ta ciro takardun, ta warware su a kan cinya. Ta gyara murya.

"A'a, kar ki karanta. Ni ban yi boko ba. Nuna mini kawai wurin da suka fito."

Miriam ta buɗa shafi na goma, ta bi layukan da yatsa har ƙasa, ta tsaya. Hafsat ta karɓi takardar da hannu biyu, ta ɗora babban yatsanta daidai wurin, ta danne.

A waje aka ji tsayuwar mota, da sallamar maza sun dawo daga maƙabarta. Mata suka shiga gyara mayafai ana matsawa don Lawan zai shigo. Hafsat ba ta motsa ba. Tana zaune da takardar a cinyarta, yatsanta a kan layin.