Likkafanin Malam Munkaila

Ni na fara gani. Kafin majo, babban ma'aikacin gidan likita, ya gani, kafin matan unguwa masu idon shaho su gani, ni Bawa, da ban taɓa zama bencin lakwal, makarantar boko, ba, na gani. Ina gindin darbejiyar ƙofar gidana da hantsi, Habsatu maƙwabciyata ta taso daga famfo da bido a kai. Daidai zauren gidansu ta tsaya. Ba ta faɗi ba. Ta dafa bango, ta sauke ruwan a hankali kamar mai sauke jariri, ta kama gefen cikinta.

"Ke 'yar nan, lafiya?"

"Lafiya lau, Baba Bawa. Zanina ne ya kwance."

Zaninta bai kwance ba. Ni da na ci anza a shekarun yunwa, na binne sa'o'ina kaf, sanƙarau ya kama ni ya sake ni don bai sami nama ba, na san fuskar wanda ciwo ke ci ta ciki. Na ce gidan nan za a fitar da gawa, kuma ba wadda ake jira ba.

Wadda ake jira ta Malam Munkaila ce, uban mijinta. Shekara da shekaru yana kwance, ɓarin jikinsa ya mutu, harshe ya karye, hannun hagu kaɗai ke motsi. Babban ɗansa Alhaji Salisu na da butiki a kasuwar Matameye da gidan siminti a bayan tasha. Sa'adu, mijin Habsatu, ya tafi cin rani Ikko, rani ya wuce, damina ta wuce, cin bai ƙare ba. Ƙanwarsu Najaha na aure a Kance. Sai aka bar wa Habsatu tsohon kamar yadda ake bar wa mutum ajiyar akuya.

Ku dubi abin. Yarinyar da aka koya wa ko sunan suruki ba a faɗa, ko ruwa ba a sha a gabansa, ita ce ke tuɓe shi. Ta lulluɓa masa zane, ta kau da kai wajen bango, ta sa hannu ta ƙarƙashi ta wanke shi, tana cewa, "Gafara dai, Baba. Gafara dai." Ta juya shi kada bayansa ya ruɓe, ta ciccibe shi zuwa inuwa, ta mayar da shi in rana ta juya. Ta daina zuwa biki, ta daina suna, sana'ar ƙuli-ƙulinta ta mutu don ba a barin mai a wuta a ruga ɗakin majinyaci. Wata rana 'yan wani puroje na agaji suka kawo wa tsohon keken guragu. Suka ɗauki hotonsa da Alhaji Salisu riƙe da keken, suka ce wa Habsatu ta matsa gefe, inuwarta na ɓata hoto.

Ni na tasa ta gaba zuwa gidan likita, matata Gambo, da ƙafarta ta ƙi ta, ta zauna wajen tsohon tana kore masa ƙuda. Majo ya taɓa cikin, fuskarsa ta canza. Ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai Damagaram, a yi hoto, ƙila a yi aiki. Ya ce ta daina ɗaukar nauyi. Habsatu ta yi dariya, karo na farko da na ji dariyarta a shekarar.

Abin da take nema ba shi da yawa: wanda zai riƙe mata tsohon kwana uku. Ta yafa gyale ta je butikin Alhaji Salisu, ta durƙusa daga bakin ƙofa har ya gama awon shinkafa.

"Yaya Alhaji, majo ya ce in je Damagaram."

"Ikon Allah. To wa zai zauna da Baba?"

"Abin da ya kawo ni ke nan. Ko Hajiyarka za ta..."

"Hajiya? Ke ma kin san ba ta iya jin wari, amai take yi. Kuma Baba ya saba da hannunki. Ke ai Aljannarki kike ginawa, Habsatu, mu muna nan muna fama da duniya. Wallahi har kishinki nake yi." Ya miƙo mata ƙullin sukari. "A sa masa a koko."

Najaha ta ce a salula mijinta ba ya son tana kwana waje, amma a sha sassaƙen marke, yana maganin ciki. Sa'adu ya ce ta yi haƙuri zuwa Sallah, oga ba ya ba da hutu. Habsatu ta ajiye salular a kan turmi. Ba ta yi kuka ba. Tsohon ya buga kwano daga ɗaki, ta tashi.

Ni na je kasuwa da sandata. Na ce, "Kai Salisu!" Ban ce Alhaji ba, na san shi tun yana yawo ba wando. "Aljannar nan da kake raba wa mutane, kai ba ka so ne? Zo ka gina ko ɗaki ɗaya a ciki mana!" 'Yan kabu-kabu suka kwashe da dariya. Salisu ya ce tsufa ya taɓa min kai. Haka aka watse.

Ranar da abin ya faru, kwano na ji. Bango ɗaya ya raba mu, na san bugun tsohon na neman ruwa, na san na neman a juya shi. Wannan bugun ba ya tsayawa. Na yi sallama, shiru. Na shiga. Habsatu na zaune a ƙasa gefen katifarsa, ta jingina da bango, kofin koko a cinyarta bai ko zube ba. Tsohon na dukan kwano da hannun hagu, idonsa kamar zai faɗo.

Gambo ta shigo bayana ta ƙwalla salati. Wani mai wucewa ya ji kuka daga gidan Malam Munkaila, bai tambaya ba, wa zai tambaya? Ya ruga masallaci. Kafin mu rufe mata ido sai ga lasifika: Allah Ya yi wa Malam Munkaila rasuwa bayan doguwar jinya, jana'iza bayan azahar. Tsohon na kwance yana jin sanarwar mutuwarsa.

Alhaji Salisu ya iso a moto, ido jawur, da farin yadi a hammata. Likkafani ne da ya sayo a Makka ya tsoma a ruwan Zamzam, ya ajiye wa ubansa, duk garin nan ba wanda bai ba labarinsa ba. Ya shiga ɗaki yana "Baba ya huta, Baba ya huta." Sai suka haɗa ido da Baban.

Ya dubi uban, ya dubi wadda aka lulluɓe da zanen atamfa a gefe. Da idona na ga hannunsa na mayar da yadin hammata.

"A aika kasuwa a yanko alawayyo," in ji shi.

Na ce, "Ga yadi a hannunka."

"Wannan na Baba ne. Na namiji ne, ba zai ishi mace ba."

"Ƙarya kake yi, ko almakashi bai gani ba! Zai ishi mace har da saura!"

"Baba Bawa, gidanmu ne fa."

"Yau ka san hanyarsa?"

Ya sunkuya zai gyara wa uban matashi, don mutane sun fara cika ƙofa. Nan hannun hagun nan ya kama bakin yadin. Hannun da Habsatu ke matsa wa man kaɗanya kullum, ashe da sauran ƙarfi a ciki. Salisu ya ja, tsohon bai saki ba. Tsohon ya ja shi kaɗan-kaɗan, yana gurnani, yawu na zuba, har yadin ya warware ya sauka kan ƙafafunta. Liman na tsaye a bakin ƙofa. Ya ce, "Alhaji, mai kaya ya yi magana." A cikinsa aka kai ta.

Sai zaman makoki. Najaha ta zo daga Kance, mijinta ya yarda. Sa'adu ya taso daga Ikko, oga ya ba da hutu. Alhaji ya rufe butiki, Hajiya ta zauna tsakar gidan, wari bai kashe ta ba. Kwana uku cur suna karɓar gaisuwa, ana cewa Habsatu mai haƙuri, Habsatu 'yar Aljanna. Kwana ukun da ta roƙa da ranta, ga su nan, an kawo mata har gida. Duk wanda ya ce min "ya haƙuri" na ce masa haƙurin ne ya kashe ta, da ku.

Yanzu mutum huɗu ke karɓa-karɓa a kan aikin da ta yi ita kaɗai, suna faɗa kan wanda ya tsallake ranarsa, bayan tsohon kuwa ya fara tsagewa.

Wanda ya ce na ƙara gishiri, ban hana shi ba. Ya zo Matameye ya tambayi gidan Bawa, kowa ya san ni. In kama hannunsa da hantsi mu shiga, ya leƙa da idonsa. Zai tarar da tsohon ya juya fuska wajen ƙofa, ba kowa a ɗakin, ya buɗe baki yana jiran cokali.